Wanda Ya Sha Kaye Zai Auri Mai Gyaɗa

"Mayar da shi baya."

Husam ya ɗago daga kan wayar, hawayen dariya na bin kumatunsa.

"Ina, amarya?"

"Wurin da kuka fi yin dariya," in ji Mawahib.

Su huɗu ne zaune a kan ƙananan kujerun mai shayi a bakin Nilu, da la'asar sakaliya. Ita, da Rashid wanda saura 'yan makonni ya zama mijinta, da Husam babban abokinsa, sai Shahd, wadda babu wanda ya gayyace ta amma ta zo da ƙamshi kamar ita ce amaryar.

Husam ya ja hoton baya da yatsa. Ga Rashid nan ɗan shekara sha shida, wuya kamar mariƙin lema, ya dafa kafaɗar Husam yana nuna wata yarinya mai tire a ka.

"Wanda ya sha kaye a cikinmu, shi zai auri waccan mai gyaɗar!"

Husam na cikin fim ya faɗi ƙasa yana shure-shure, yana roƙon a yanka shi ya fi sauƙi. Husam na waje ma saura kaɗan ya faɗo daga kujera.

"Ya salam! Kun ga ikon Allah? Shi ya kafa sharaɗin, shi ya sha kayen!"

Shahd ta goge gefen idonta a hankali don kada kwalli ya ɓaci.

"Shi ya sa na ce a haska shi a daren lallen ango, a babban allo. Ni na tono shi a tsofaffin faya-fayan gidanmu, ya Mawahib... Kyautata ce gare ku."

Mawahib ta dubi yarinyar mai tire. Ita ce. Shekararta sha biyar, an ƙara mata baƙin tukunya a kan baƙinta, an ɗaura mata zanen mahaifiyarta.

Ta dubi Rashid.

Dariya yake yi.

Fim ɗin a wani dogon hutu suka yi shi, a wata cibiyar matasa da ke Khartum wadda takan tara yara daga unguwanni daban-daban. Rashid ne ya rubuta. Samari biyu ne ke bin wata farar yarinya, Shahd ke nan. Ta ce a'a, su tare ta a hanya. Ta ce a'a, su haura katangar gidansu. Ta ce a'a, su sace hotonta. A ƙarshe ta faɗa son wanda ya fi takura mata. Duk inda dariya ta lafa kuwa, sai a shigo da mai gyaɗa da gurguwar Larabcinta, tana bin wanda ya sha kaye da gudu. Kofi suka ci a gasar cibiyar. Kuma maganar gaskiya, Mawahib ma ta yi dariya a wancan lokacin, har ta riƙa jin kanta tauraruwa na kusan wata guda.

Da suka tashi, Rashid ya rako ta tashar motocin unguwarsu, Hajj Yusuf.

"Habibti, tun ɗazu ba ki ce komai ba."

"Ina jin ka."

"Yarinta ce fa. Wasa ne."

"Na sani."

"Ke ma kin yi dariya a lokacin."

"Na yi."

"To mene ne, ya ruhi? In ba kya so, a bar shi. Halas! Sai in ce wa Husam amarya ba ta da ƙarfin zuciya."

Ta tsaya. Ba ta ɗaga murya ba, ba ɗabi'arta ba ce. Shekara biyar tana tsaye a bayan kanta a shagon sayar da magani, ta saba gaya wa mutane abin da ba sa son ji da fuska guda.

"Wato ni ce ba ni da ƙarfin zuciya."

"Ba haka nake nufi ba..."

"A haska shi."

"Da gaske?"

"Amma da sharaɗi. Ran Juma'a ka zo gida. Ka zauna kusa da Inna ku kalla tun daga farko har ƙarshe, kana fassara mata. Da Hausa. Duk abin da aka faɗa, kada ka tsallake ko ɗaya. In ka gama kana ganin abin dariya ne, ni da kaina zan biya kuɗin allon."

Ya yi murmushi irin na wanda aka ba aiki mai sauƙi.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Rashid Bahaushe ne gaba da baya. Kakanninsa a ƙasa suka taho da niyyar Makka, suka yada zango a Omdurman, zangon da har yau ba a tashi ba. Sai dai a gidansu Hausa kamar silifas ɗin banɗaki take, ba a fita da ita ƙofar gida. A cibiyar nan babu wanda ya san yana jin ta, har ita Mawahib. Sai bayan shekaru, ranar da ya shigo shagonsu sayen maganin mura ya tarar tana waya da mahaifiyarta, ya yi dariya daidai inda ya kamata a yi, sannan asirinsa ya tonu. Daga nan soyayya ta fara, kuma duk da Larabci aka yi ta. Mahaifiyarsa, Hajja Zuhura, sai da ta shekara tana cewa ɗanta ba zai auro 'yar kambo ba, domin iyayen Mawahib daga sansanin leburorin gonakin auduga na Jazira suka taso. Da ta gaji ta amince, amma wakilai ta tura, ita ba ta taɓa taka gidan ba.

Ran Juma'a bayan an sauko, Rashid ya iso da jallabiya fara tas da kwamfutarsa a hammata.

Inna Barira ta sa an share tsakar gida an yayyafa ruwa, an fito da angarib, gadon igiya, ƙarƙashin rumfa. Shekara ashirin ke nan tana sayar da gyaɗa da 'ya'yan kankana soyayyu a ƙofar wata makarantar firamare, da su ta yi wa Mawahib karatu bayan rasuwar mahaifinta. Larabcinta na kasuwa ne: ciniki, gaisuwa, da faɗa in ta kama. Zancen samari mai gudu kuwa wucewa yake ta saman kanta.

"Fim ɗin nan!" ta ce tana gyara zama. "Ai na je ranar da aka nuna shi. Duk sanda 'yar nan ta fito sai ɗakin ya ɗauka. Don daɗi, gyaɗar da na je da ita kyauta na rabar."

Mawahib ta juyo da sauri. Ta mance da wannan. Ta buɗe baki, amma Rashid ya riga ya danna.

Da farko abin ya tafi lafiya. Hausar Rashid ta tsofaffi ce, a bakin kakarsa ya koya, tana fita tana tuntuɓe. Inna ta yi dariya har da tafa hannu da Husam ya faɗo daga katanga cikin garken awaki. Mawahib ma sai da ta ciji leɓe, don wurin dai har yanzu da ban dariya.

"To wai ita yarinyar me take ce masa?"

"Ta ce... ya rabu da ita, Inna. Ba ta so."

"Shi kuma?"

"Ya ce a'ar mace e ce."

"Inji wa?"

Rashid ya sosa ƙeya.

"Haka dai ake yi a fim a lokacin..."

"Hm. A kambo da wani ya tare 'yar mutane sau uku irin haka, da yayyenta sun karya masa ƙafa. Ci gaba."

Sai ga mai gyaɗa ta shigo, hannu ɗaya a ƙugu, tana jan ƙafar hagu, tana kwance bakin zane da haƙori don ta ba da canji.

"Ga zanena!" in ji Inna. "Ga tirena! Wayyo 'yar nan, dubi ƙanƙantarta... Me yaron ya ce da suka yi dariya?"

Rashid ya kawar da kai.

"Fassara," in ji Mawahib.

"Ya ce... warinta ya riga ta isowa."

Inna ta ɗan karkata kai.

"Warin gyaɗar?"

"Nata, Inna."

Fim bai san an yi ba, ya ci gaba da gudu. Dariyar yaran da aka ɗauka a ɗakin tana fitowa daga kwamfutar kamar ana zuba tsakuwa a kwano.

"Wannan kuma fa?"

"Ya ce irinsu... irinsu ba a san inda suka fito ba. Ya ce a saya a wuce, kada a tsaya, ana iya ɗaukar yaren."

Zufa ta jiƙa wuyan jallabiyar. Ya kai hannu zai tsayar, Inna ta riƙe hannun.

"A'a, ɗan nan. Ka fara, ka ƙarasa."

Ya ƙarasa. Ya faɗi na sharaɗin, wanda ya sha kaye zai auri mai gyaɗa. Ya faɗi abin da Husam ke ihu yana shure-shure. Da Larabci maganganun tsalle suke yi, da ya juye su zuwa Hausa sai suka zauna daɓas a tsakar gidan, babu wanda ya iya ɗaga su. Muryarsa ta yi ta raguwa har sunayen 'yan wasa suka fara hawa, nasa a sama.

Inna ta daɗe tana kallon allon.

"Au," ta ce. "Ashe ba tafi suke mata ba."

Ta juyo ta dube su.

"Ni kuwa na bi su layi-layi ina ba su gyaɗa."

Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zaninta.

"Mawahib, kawo wa baƙo abinci."

"Inna, ni..." in ji Rashid.

"Za ka ci. Ba a zuwa gidana a fita da yunwa."

Ya kai loma biyu da ƙyar. Da zai tafi ya tsaya a zaure yana neman idon Mawahib, ita kuwa ta ce ya gaida gida, ta rufe ƙofa. Ta yi nasara, ba ta ji daɗin komai ba.

Washegari Inna ba ta soya gyaɗa ba. Ran Lahadi, da makarantu suka buɗe, ba ta fita ba. Ta ce ƙafa ce. Litinin ta ce rana ta yi zafi, a watan da kowa ke neman rigar sanyi. Tiren yana jingine a bayan randa, an kifa fuskarsa ga bango. Maƙwabciya ta leƙo ta ce yara na ta tambaya, Inna ta ce a gaishe su.

"Inna, don Allah ki yi min faɗa," in ji Mawahib.

"A kan me?"

"Ni na kawo miki shi."

"Ke kika kawo. Amma da can ma yana nan, ni ce ban ji ba." Ta juya kwanciya. "Shekara ashirin ina zaune a ƙofar makarantar nan. Yanzu in yaro ya yi dariya, ban san wacce iri ba ce."

Mawahib ta fita tsakar gida ta yi kuka, kaɗan, don ba ta iya mai yawa ba. Garin neman gira ta rasa ido. Ta ɗauki waya ta kira shi.

"A ɗaga bikin."

"Habibti, saurare ni..."

"Ba zan shiga lalle uwata na ɓoye a ɗaki ba."

"Zuwa yaushe?"

"Ban sani ba. Wataƙila zuwa babu."

Ta kashe.

Labari ya isa kunnen Shahd kafin azahar, domin Husam ba ya iya riƙe ruwa a baki. Ita kuwa tun suna yara take ganin fim ɗin bai ƙare daidai a waje ba, tunda a ciki ita Rashid ya bi. Ta ga ƙarfe ya yi ja, ta ce bari ta buga. Ta tura wa Hajja Zuhura fim ɗin, da 'yar murya mai tausayi: "Hajja, ga abin da mutane ke yawo da shi a kan amaryarku. Na ce gara ki gani da idonki..."

Hajja ta sa tabarau. Da ma neman dalili take, ga shi an kawo mata har gado.

Ta kalli samari, ta taɓe baki. Ta kalli Shahd, ta ce ba laifi. Sai mai gyaɗa ta shigo, hannu a ƙugu, tana jan ƙafar hagu, tana kwance bakin zane da haƙori.

Hajja ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Rashid!"

Ya shigo da idanu jajaye.

"Na'am, Yumma."

"Wa ya koya wa yarinyar nan wannan tafiyar?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tambayarka nake."

"Ni ne."

"A ina ka gan ta?"

Ba ta buƙaci amsa ba. Mahaifiyarta, Nana A'isha, shekara talatin ta yi tana sayar da fura a bakin kasuwar Omdurman, kuma tun da keken doki ya taka ta take jan ƙafar hagu. Da kuɗin furar aka ɗora rufin ɗakin da suke ciki. Rashid ne ɗan lelenta, a bayanta ya yi wayo.

"Tana da rai ka yi wannan," in ji Hajja. "Tana ɗakin can tana ajiye maka kan fura."

Ta so ta mare shi, sai ta tuna ita ce ta hana shi yin Hausa a ƙofar gida tun yana ɗan shekara biyar. Hannun ya koma cinyarta.

"Ɗauko mota."

Rana ta karkata lokacin da suka ƙetare gadoji biyu suka shiga lungunan Hajj Yusuf. Mawahib ce ta buɗe ƙofa. Ta ga mace cikin tob, lafayar matan Sudan, mai tsada, zinariya har gwiwar hannu, wadda sau ɗaya ta taɓa gani, ita ma daga nesa.

"Salamu alaikum, masu gida," in ji Hajja Zuhura da Hausa tsantsa. "Uwarki na ciki?"

Inna ta fito tana gyara ɗankwali. Matan biyu suka dubi juna.

"Maraba, Hajja. Ba a sanar da mu ba, da an..."

"Ba ziyara na zo ba, 'yar'uwa. Ban haƙuri na zo." Muryarta ta ɗan karye, ta gyara ta. "Zanen naki ne, tiren naki ne. Tafiyar kuwa ta uwata ce. Tare aka haɗa mu aka yi dariyar."

Inna ta ɗaga labule.

"Shigo daga ciki. Rana."

Aka bar Rashid da Mawahib su biyu ƙarƙashin rumfa, shi a wannan bakin angarib, ita a wancan. Wata akuyar maƙwabta ta leƙo ta koma.

"Na gaya wa Husam ba za a haska ba," ya ce. "Na gaya wa Shahd kada ta zo. Amma ya riga ya shiga wayoyi, Mawahib. Ba zan iya dawo da shi ba. Ba zan miki ƙarya ba."

"Na sani."

"Na zaci in na riga su yin dariyar, ba za su juyo kaina ba. Wallahi har ranar Juma'a ban taɓa jin abin da na rubuta ba."

"Ni ma na yi wasan," ta ce tana kallon ƙasa. "Ni na roƙi Inna zanen. Kuma kai na nufa da dutse, ita na samu."

Daga ɗaki ana jin murya ƙasa-ƙasa, sai shiru, sai fyace hanci. Can kuma sai ga dariya, ta tsofaffi biyu, gajera. Ɗaya ta ambaci farashin gero a shekarun baya, ɗayar ta ce ƙarya ne, ya fi haka.

"Mawahib!" Inna ta ƙwala kira. "In kin tashi ki jiƙa min gyaɗa da gishiri. Hajja ta ce jikokinta ba su taɓa cin ta kirki ba. Ki jiƙa da yawa, har ta gobe."

Mawahib ta rufe ido na ɗan lokaci.

"To, Inna."

Rashid ya matso kaɗan.

"Habibti..."

"A'a."

Ya tsaya.

"Ba da Larabci ba. Hausa mafi tsawo da na taɓa ji a bakinka ita ce ta ranar Juma'a. Ba na son ita ce za ta zauna min a kunne. Faɗi wani abu daban."

Mutumin da ke iya cika mata waya da kalamai tun daga asuba, ga shi yana lalube kamar mai neman allura a cikin buhu. Hausarsa ta aike ce da ta faɗa da ta addu'a, ba a taɓa yin zance da ita ba.

"Kin..." ya ce. "Kin ci abinci?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Shi ke nan abin da ka samo?"

"Kakata in tana son mutum, abin da take cewa ke nan. Ban san wani ba. Sai kuma ta kama kunnena ta ce, Allah ya bar min kai."

Ya dubi idonta.

"Allah ya bar min ke, Mawahib."

Labule ya motsa, Inna ta leƙo da kai.

"Hajja na tambaya. Ranar tana nan, ko an ɗaga? Na ce mata ba ni za a aura ba."

Mawahib ta dubi uwarta, ta dubi zinariyar da ke ƙyalli a bayan labulen, ta dubi mutumin da ke zaune a bakin gado yana jira kamar ɗalibi a ƙofar ofishin shugaban makaranta.

"Tana nan, Inna."

Labule ya sauka. Guɗa ta tashi a ciki, ba a san ta wacece a cikinsu ba.

Ta juyo gare shi, ta rage murya.

"Ban ci ba," ta ce. "Tun ranar Juma'a ban ci na kirki ba."